Minti Arba'in na Takwarata

Litinin

Takwarata, ja'irar jikata,

Sallama a gare ki, da gaisuwa kwando guda. Kawunki direba zai miƙo miki wannan takarda, idan bai zauna a kanta ba kamar ta wancan karon. Ina fatan kina lafiya kina kuma cin abinci, don wuyan nan naki da na gani ya kusa wucewa ta cikin zobe.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnena ya riga ni yin ritaya, kuma ba don ado na yi shekara uku a ajin manya ba.

Yau sati uku da dawowata daga jami'arku, maƙwabta ba su bar ni na huta ba. Matar tela ta tambaye ni wane irin karatu ne wannan da digiri ɗaya bai ishe ki ba. Na faɗa mata abin da idona ya gani: dogon ɗaki mai famfo shida, ke a tsaye da farar riga gaban wata tukunyar ƙarfe kina ɗumama ruwa, kin jera ƙananan kwalabe a ciki kamar 'yan tsaki, duk minti biyar ki zuƙi ɗigo da siririn gilashi ki kai wa inji, ki rubuta lamba. Ta ce ai ita ma kullum tana ɗumama ruwa, ba wanda ya ba ta farar riga. Ta kayar da ni a magana, abin da bai taɓa samuna ba tun da na yi haƙora, balle yanzu da suka zube.

Saboda haka ki rubuto mini bayani da Hausar da za ta shiga kan tsohuwar da ta yi shekara talatin da biyu tana dafa sabulu, in je in rufe mata baki.

Ki gaishe da malaminki mai tabarau a goshi, wanda ya amsa gaisuwata da ka kawai kamar sayen magana yake yi. Ki gaishe mini da sabuwar ƙawata, Inna mai wanke muku kwalabe. Da kika tafi aji kika dasa ni a benci kika ce kada in taɓa komai, ita ta ɗebe mini kewa. Duk ɗakin nan ita kaɗai na ga tana aikin da na gane.

Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki nama.

Kakarki, takwarar asali.

Alhamis

Kakata 'yar tsohuwa,

Na amsa sallamarki, ina gaishe ki da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Takardar ta iso ba a zauna a kanta ba.

Ga abin da za ki faɗa wa matar tela. Sinadarin da nake aiki a kansa sunansa esta. Abu biyu ne a haɗe. Ruwa yana iya raba su, amma shi kaɗai sai ya shekara bai taɓuka komai ba. Idan na ɗiga asid, wato ruwan tsami mai ƙarfi, sai asid ɗin ya maƙale a gefe guda, haɗin ya yi rauni, ruwa ya samu ƙofa ya shiga, su rabu biyu. Shi asid yana fita yadda ya shiga, ba ya raguwa, ya koma kan wata estar. Aikina shi ne auna saurin rabuwar. In na ninka asid, saurin ya ninka. In na ƙara zafi, ya ƙaru. A ma'aunin da nake sawa, rabin estar yana rabuwa cikin minti arba'in, rabin abin da ya rage kuma a wasu arba'in ɗin. Amfaninsa kuwa, magunguna da yawa irin wannan haɗi gare su, kuma akwai asid a cikin mutum, dole a san ko ƙwaya za ta kai inda aka aike ta kafin ta wargaje.

Yanzu ga abin da ba za ki faɗa wa kowa ba, har Mama.

Wata huɗu ina samun arba'in ɗin nan, sau ashirin da shida, a kansa na rubuta rabin kundina. Sati uku ke nan ya ɓace. Yau in samu hamsin da biyar, gobe saba'in, jibi arba'in da takwas, rannan har casa'in. Na auna asid a babbar kwalbarsa, daidai yake. Na canja ma'aunin zafi, na kira mai gyaran inji, na buɗe sabuwar esta. Ko gezau.

Jiya a taron mako, gaban ɗalibai tara, Malam ya sauko da tabarau kan hanci ya daɗe yana duba takarduna. Sannan ya ce, “Lambobin da suka yi kyau haka, suka kuma ƙi dawowa, ko dai daga tukunya suka fito, ko daga ka.” Ba wanda ya ɗago ya dube ni. Ya miƙa maganar ga kwamiti, za su zauna nan da sati biyu, ranar Alhamis. Idan suka yanke cewa ƙirƙirar lambobin na yi, korata za a yi, kuma ba ɗakin gwajin da zai sake ɗaukata ko shara ce.

Kaka, ban ƙirƙiri ko ɗigo ba. Ki sa ni a addu'a.

Jikarki mai biyayya, wani lokacin.

Litinin

Takwara,

Gaisuwa da fatan alheri. Share hawayen tukuna, ba na son takarda mai danshi.

Na je na sami matar tela na zauna a kan buhun ƙyallayenta na warware mata. Na ce esta miji da mata ne, suna zamansu lafiya. Ruwa tsohon manemi ne da ke rakuɓe a ƙofar gida shekara da shekaru, kunya ta hana shi sallama. Asid kuwa annamimiya ce. Ta shigo, ta zauna kusa da matar, ta yi ƙasa da murya, kafin a ce me aure ya yi sako-sako, ruwa ya shigo ya raba su. Ita kuma ta gyara mayafinta ta fita fes, ko zarenta bai ragu ba, ta nufi gida na gaba. Annamimai biyu, sauri biyu. Lokacin zafi da kowa ke kusa da fushi, abin ya fi sauri. Ke kuma jikata an ba ta agogo tana ƙirga gidajen da suka watse. Matar tela ta ajiye almakashi ta ce wallahi ta gane, har ta san wace ce asid a layinmu. Ban tambaye ta ba, don irin kallon da ta yi mini bai kwanta mini ba.

Batun mai tabarau kuwa, ni na goya ki, na san abin da za ki iya. Yarinyar da ta fasa mini kofi tana shekara biyar, ba wanda ya gani, ta kwaso gutsattsarin a siket ta zo ta kai ƙarar kanta, ita ce za ta ƙirƙiri lamba? Ke ƙarya ma ba ki gaje ni ba, abin da ya daɗe yana ba ni takaici ke nan.

Amma ina da 'yar tambaya, ta mai son ilimi kawai, kada ki kawo komai a ranki. Sati uku kika ce. Cif-cif, ko da 'yan kwanaki? Sannan a sana'armu idan soda ta taɓa hannu, lemon tsami muke matsawa, nan take ta mutu. To ita sodar tana kashe tsami ita ma? Kuma ko 'yar kaɗan ce, kamar abin da zai saura a jikin kwano? Matar tela ce ke son sani.

Ki ci abinci. Allah ya fid da ke kunya.

Kakarki.

Alhamis

Kaka,

Ina gaishe ki. Labarin annamimiya ya sa ni dariyar farko a satin nan, har na karanta wa ƙawata, ta ce ya fi na littafi.

Amsar matar tela: e, suna kashe juna. Asid ɗin da nake sawa kaɗan ne ƙwarai, ƙurar sodar da za ta maƙale a kan yatsa ta isa ta kashe rabinsa, aikin ya yi ta jan ƙafa. Af, man da kike dafa sabulu da shi ma dangin esta ne, soda ke raba shi. Ashe shekara talatin da biyu kina aikina ba farar riga.

Amma soda ba ta da hanyar shiga kwalabena. Da sabulun ruwa na musamman ake wanke su, a ɗauraye sau uku da tataccen ruwa. Shekarar Inna ashirin da takwas tana yi, ba a taɓa kuka da ita ba. Ni ban ma taɓa ganin kwalaben suna ƙyalli irin na kwanakin nan ba. Lokacin kuwa, da na duba littafina, kwana biyu bayan tafiyarki abin ya fara.

Jiya sittin da biyu, yau tamanin. Saura mako guda. Na fara tunanin in ajiye karatun da kaina kafin a kore ni, ko sunana ya tsira. Na sauko da akwatina daga kan kabad.

Ki huta lafiya.

Takwararki.

Asabar

Takwarata, hasken idona, mai haƙuri, mai yafiya,

Kin ga na jero miki kirari, kin san akwai magana. Na sa kawunki ya yi tafiyar da ba ranarta ba don wannan takarda. Mai da akwatin kan kabad, ki nemi wuri ki zauna.

Ranar da kika dasa ni a benci, ban taɓa komai ba, kamar yadda kika ce. Kallo kawai na yi. Sai na ga kwalabenki a kife sun yi dishi-dishi kamar idon mai mura. Na leƙa wurin Inna na ga sabulun da aka ba ta, ko kumfar kirki ba ya yi. Raina ya ɓaci. Jikata guda, mai digiri, tana aiki da kwanukan da ni ko baƙon da ba na so ba zan ba shi ruwa a ciki ba.

To a jakata akwai gwangwanin garin wankina, wanda kika sani, mai soda da tankaɗaɗɗiyar toka. Ke na kawo wa don tukwanenki, sai na ga inda ya fi amfani. Na ba Inna, na kuma koya mata sirrin da ko uwarki ban koya wa ba: bayan an gama ɗauraya, a tsoma kwano a tsinkakken ruwan garin, kada a sake ɗaurayewa, a kife ya bushe. Ƙyalli sai ya kashe ido. Baiwar Allah ta ce doka ta ce ɗauraya uku da tataccen ruwa. Na ce ta yi ukunta, ai doka ba ta ce kada a ƙara na huɗu ba. Ta ce za ta tambaye ki. Na ce kul, so nake ki ga abin mamaki, kuma naki kaɗai za ta riƙa yi wa, kada sauran su samu a banza.

To kin ga abin mamaki.

Tun takardarki ta farko na sha jinin jikina, amma na ce bari in tambaya a fakaice, ko Allah zai sa ba ni ba ce. Da na karanta ta biyu na kai wurin ƙyalli, sai na tabbata ni ce. Kwana biyu ke nan ban tsokani kowa ba, har uwarki ta taɓa goshina.

Ki yafe mini. In ba za ki iya yanzu ba, ki ajiye sai bayan kwamiti. Roƙona ɗaya: Inna saura shekara biyu ta yi ritaya, kuma bakina ne ya rinjaye ta. Kin san bakina, kakanki ma da ya fi ta taurin kai bai tsira ba. Ki yi dabarar da ba za a taɓa aikinta ba.

Kakarki mai laifi, wadda matar tela ta yi gaskiya a kanta.

Litinin

Kaka,

Gaisuwa, amma 'yar kaɗan, sauran sai na huce.

A kan matakalar ɗakin gwaji na karanta takardarki. Na yi dariya, na yi kuka, na sake karantawa na ji kamar in hau motar Kawu in zo in same ki. Sai na shiga na ɗauki kwalba mai ƙyalli, na zuba ɗan tataccen ruwa na girgiza, na tsoma jar takardar da muke gane soda da ita. Ta koma shuɗiya. Wani wurin ta yi duhu, wani wurin kaɗan, shi ya sa lambobin ke tsalle.

Na wanke kwalabe shida da hannuna. Jiya na samu arba'in, sannan arba'in da ɗaya, yau da safe arba'in. Na tsaya ina kallon agogon nan kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya.

Inna da ta ji, sai ta zauna a kan bokiti, ta ce za ta je ta faɗa wa Malam. Na hana ta. A bara an sallami wani ma'aikaci kan abin da bai kai wannan ba.

Na kai wa Malam sabon sakamako. Ya ce lambobi sun ɓace sama da sati huɗu, sun dawo kwana uku kafin kwamiti, me ya canja? Na ce da kaina na wanke kwalabe. Ya ce me ke cikinsu a da, kuma wa ya sa? Na yi shiru. Ya ce to shirun nan zan kai wa kwamiti ranar Alhamis.

Ba zan ambaci Inna ba, duk abin da zai faru. Ke kuma, don Allah, kada ki yi komai. Taimakon da kika yi ya isa.

Na yafe miki rabi. Sauran rabin sai bayan minti arba'in, sannan rabin abin da ya rage.

Takwararki.

Talata

Zuwa ga Malam Farfesa, shugaban ɗakin gwaji mai famfo shida.

Ranka ya daɗe, sallama da gaisuwar ban girma, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni ce tsohuwar da ka gani a kan benci watan jiya da jaka a cinya, kakar ɗalibarka mai auna rabuwar esta. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin manya na koya, kuma malamarmu ta rasu kafin mu kai wurin rubuta wa farfesa.

Jikata ta ce kada in yi komai, don haka ba ta san da wannan takarda ba.

Ka tambaye ta me ke cikin kwalabenta kuma wa ya sa. Soda ce, kuma ni ce. Na ga ba sa ƙyalli, na kawo garin wankina na sana'a, na sa aka riƙa tsoma su a ruwansa bayan ɗauraya. Matar da ke wanki ta ƙi, ta kawo mini doka, ta ce za ta tambaya. Na fi ta shekaru, na fi ta baki, na ce mata ni kakar mai kwalaben ce kuma maganata ta isa izini. Ƙarya na yi mata. Shekara ashirin da takwas tana wanke muku kaya ba ku samu ko tabo ba, sai ranar da na shigo. In akwai kora, ni ta dace da ita, sai dai ka fara ɗaukata aiki tukuna.

Ban ce ka yarda da maganar tsohuwa ba, na ga ba ka yarda da ta yara ma. Ga ƙullin garin nan a leda, direban da ya kawo takarda zai ba ka. Cokali ɗaya a kwanon ruwa. Ka wanke kwalba biyu da hannunka, ka tsoma ɗaya ka bar ɗaya, ka zuba asid ɗinku daidai wa daida, ka riƙe agogo. Mu masu sabulu haka muke gane mai mai kyau, tukunya biyu a wuta ɗaya.

Abu na ƙarshe, ka yafe mini in na wuce gona. Yarinyar nan ta gwammace a kira ta maƙaryaciya da ta buɗe baki wata ta rasa abincinta. Kai ka san esta, ni na san mutane, kuma mai ƙirƙirar lamba ba ya irin wannan shirun. An ce a gaban mutum tara ka faɗi abin da ka faɗa. Na dai ambata ne.

In kwamiti na son ganin mai laifi, ina da sabon zane, kuma mota tana tashi da safe.

Allah ya ƙara girma.

Kakar ɗalibarka.

Juma'a

Iya, ranki ya daɗe,

Na amsa gaisuwarki da girmamawa.

Ranar Laraba na yi gwajin da hannuna, yadda kika tsara. Wadda ban tsoma ba ta ba ni minti arba'in. Wadda na tsoma, saba'in da uku. Na maimaita sau biyu.

Na janye ƙarar, kwamiti bai zauna ba. Mai wanki tana bakin aikinta. Jiya na tara mutum taran nan, na ba jikarki haƙuri a tsaye, a wurin da na yi maganar.

Za ta kare kundinta ranar sha biyu ga watan gobe, ƙarfe goma na safe. An ajiye miki kujera a sahun gaba. Ina roƙon ki zo hannu rabbana.

Naki da ladabi,
Malamin jikarki.